Hoton Kyamara ta Tara

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar, na ɗauki babur ɗin ofis na kama hanyar sansanin bakin rafi. Kilomita ashirin da shida ne daga garinmu, kuma ban gaya wa kowa ba. A gida na bar mata sun cika tsakar gida suna tsintar shinkafa da ɓarar gyaɗa, domin washegari za a yi wa yayana Ziblim addu'a irin wadda ake yi wa mamaci, duk da babu wanda ya ga gawarsa.

Ziblim mai gadin gandun daji ne. Sati bakwai kafin wannan rana ya shiga sintiri da abokan aikinsa biyu. Ya ce su ci gaba, zai gyara igiyar takalmi. Da suka waiwaya babu shi. An yi mako biyu ana nema da karnuka da tsofaffin mafarauta, gorar ruwansa kawai aka tsinta. Kawunnanmu suka ce a yi addu'a, matarsa Napaga ta san matsayinta. Mahaifiyarmu, Mma, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ni kuma aikina hotuna. Ƙungiyar da ke kula da gandun ta ɗaura kyamarori goma sha biyu a jikin bishiyoyi. Duk abin da ya motsa a gabansu sai su ɗauka, su aika wa wata tsohuwar kwamfuta da ke sansanin. Ba mu ba wani kamfani ajiyar hotunanmu ba, don kada masu farautar sata su gane inda giwaye ke shan ruwa. Ni na haɗa rumbun hotunan da hannuna bayan na dawo daga koyon aiki a Tamale. Kowane hoto ya shigo, kwamfutar takan yi masa kwafi uku: ƙarami kamar kan sarki, matsakaici mai cika fuskar waya, sai kuma na asali, mai nauyin mega ashirin. A na asalin nan ne Ziblim ke so in riƙa faɗaɗa masa kunnen ɓauna har ya ga kaska.

"Ke da akwatin nan naki," yakan ce, "wata rana har abin da ke cikin mutum za ki gani."

Intanet ɗin sansanin ba shi da ƙarfi. In mutum ɗaya ya buɗe na asali daga ofis, komai sai ya tsaya cak. Saboda haka na kulle: daga waje ƙarami da matsakaici kawai ake gani, na asali sai mutum ya zauna gaban kwamfutar. Sannan da ma'ajiyar ta fara cika, na saita ta kowace rana da ƙarfe bakwai na yamma ta share duk na asalin da ya cika kwana talatin.

Rannan na gudo ofis ne don kunnena ya huta da gaisuwa. Ina ta jan ƙananan hotunan da suka taru tun ɓatansa ban duba ba. Gada, biri, ciyawa da iska ta kaɗa, gada. Sai na zo kan ɗaya na kyamara ta tara, wadda ke can bayan duwatsu, inda masu gadi ba sa kaiwa la'asar. Wani abu kore ne a tsaye, dogo, kamar mutum cikin kakin aiki. Na danna matsakaicin, ya fito toka-toka babu komai. Na duba kwanan wata. Kwana goma sha tara bayan ɓatan Ziblim. Na lissafa da yatsu: a ranar yake cika kwana talatin.

Na kira wayar Baba Neindoo, mai tsaron sansanin, ba ta shiga. Canza saitin daga ofis ba zai yiwu ba, don shi ma ni na kulle shi.

Ƙarshen damina ne, hanyar duk ta farfashe. Dawa ta fi kaina tsawo dama da hagu, iska na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da kashin shanu. Na wuce gonaki na ƙarshe, na wuce shingen gandun. Bayan gadar katako na lura da wani abu: ƙarar babur ɗina kaɗai nake ji. Babu kurciya, babu gyare, babu kwaɗi, alhali ruwa na kwance ko'ina.

Rana na dab da faɗuwa na iso. Sansanin ɗaki ɗaya ne na bulo, da faifan sola a kan rufi, da wata babbar kaɗanya a bayansa inda aka ɗaura kyamara ta ɗaya. Baba Neindoo na zaune bakin ƙofa yana gasa doya. Tsohon mafarauci ne, sa'an kakana, tun ina yarinya muke wasa da shi.

"A'a, amaryata Tiyumba! Kin yi yaji ne kika biyo ni daji?"

"Wa zai biyo tsoho mara haƙori? Barka da yamma, Baba."

Ya yi dariya, amma idonsa ba a kaina yake ba, a kan rana yake.

"Ci doya ki juya. Ba lokacin baƙi ba ne."

"Wani hoto na zo dubawa. Na kyamara ta tara."

Ya ajiye wuƙar.

"Na gan shi," ya ce a hankali. "Tun ranar da ya shigo. Ɗan ƙaramin."

"Ka gani, ka yi shiru? Baba, gobe za a yi masa addu'a!"

"Shi ya sa." Ya sassauta murya. "'Yata, shekara arba'in na yi a dajin nan. Abin da ke bayan duwatsun can, daga nesa ake ganinsa, a wuce. In ka matsa ka ƙura masa ido, shi ma ya gan ka."

"Hoto ne fa."

"Ni ban san hoto ba. Su na sani."

Na ratsa ta gefensa na shiga. Bai hana ni ba. Na ji ya ɗauki butarsa yana cewa bari ya yi magariba, in yi sauri.

Ɗakin na warin batir da kashin jemage. Kwamfutar na kan tebur, fankarta na huci. Taga ɗaya ce, ta katako, a bangon baya, a rufe. Agogon allo ya nuna shida da minti goma sha biyu.

Na nemo hoton. Na soke filashi a jikin kwamfutar, na ce ta kwafa. Sannan na danna na asali.

Kwamfutar tsohuwa ce, hoto mai nauyi daga sama take sauke shi, layi bayan layi. Ganyaye suka fara fitowa. Reshe. Gefen dutse. Sai hula kore mai yagaggen baki. Na san yagar nan, ni na ce zan ɗinke masa ban yi ba.

Goshi. Tabon da ya samu a keke muna yara. Idanu.

Ziblim ne.

Na dafe baki da hannu biyu. Yana tsaye yana kallon kyamarar kai tsaye, kamar wanda ya zo takanas. Bai rame ba. Fuskarsa ta cika, ta yi sheƙi, kamar ana ba shi abinci sau uku. Amma idanun sun yi ja, sun kumbura, irin na wanda ya daɗe bai yi barci ba. Ya ɗaga hannun dama daidai ƙirjinsa, tafin na fuskantar kyamara.

Hoton ya ci gaba da sauka. Babu takalmi a ƙafarsa. Kewaye da shi, abin da a ƙaramin na ɗauka suri ne da inuwar ciyawa, ba suri ba ne. Gajeru ne, ba su wuce gwiwarsa ba, gashi ya sauko musu har ƙasa. Na ƙirga bakwai. Duk sun ba kyamarar baya. Ɗaya ya riƙe masa ƙafar wando da yatsu dogaye masu gaɓa huɗu.

A waje ina jin Baba Neindoo yana kabbara.

Akwai wani baƙi-baƙi a tafin hannun. Na juya linzamin kwamfutar na faɗaɗa. Na ƙara. Na ƙara, har tafin ya cika allon, ana ganin zanen fata. Da gawayi ya yi rubutun, da manyan baƙaƙensa masu karkata.

TIYUMBA KADA KI ZO.

Na jingina da bayan kujerar. Ya san ni ke duba hotunan. Ya san ina faɗaɗa su. Yana zaton daga ofis zan karanta, ina zaune lafiya cikin gari. Bai san na kulle ba. Kwana uku kafin ya ɓata na yi kullewar, ban kai ga gaya masa ba.

Na mayar da hoton daidai girmansa.

Ɗaya daga cikin gajerun ya waiwayo.

Wallahi da farko duk baya suka bayar. Yanzu na ƙarshe a hagu ya karkato kai, ido ɗaya na leƙe ta cikin gashi. Fari fat, babu baƙi a ciki.

Kwamfutar ta yi ƙara, ƙyas, irin wadda take yi in sabon hoto ya shigo.

Kyamara ta bakwai. Yanzu-yanzu. Ɗan ƙaramin ya bayyana a gefe: abu kore a tsaye, da ƙananan inuwoyi.

Na kalli kwafin. Kashi talatin cikin ɗari.

Ƙyas. Kyamara ta biyar.

Tsakanin ta bakwai da ta biyar tafiyar awa guda ce ga mai sauri. Ko minti biyu ba a yi ba.

"Baba," na kira.

Ƙyas. Ta uku. Wannan a mashayar rafi take, ana hango ta daga ƙofa in da rana. Inuwoyin sun ƙaru, sun cika ƙasan hoton.

Sai wari ya shigo. Zuma da toka mai sanyi, da wani abu kamar ramin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Karatun Baba Neindoo ya katse a tsakiyar aya.

Ƙofa ta buɗe, ya shigo da baya, ya tura sakata. Carbinsa na hannunsa. Ya dubi allon sau ɗaya ya kau da kai.

"Kin buɗe," ya raɗa.

"Yana da rai, Baba. Ga shi nan. Yana da rai."

"Kashe."

"Saura kaɗan ta gama kwafa. Mma ta gani."

Kashi sittin.

Ƙyas.

Kyamara ta ɗaya. Ta jikin kaɗanya. Taki biyar daga tagar.

Ban danna ba. Ba na bukata. Ina jin takun a busassun ganye, ƙanana, da yawa, kamar kaji na tono. A cikinsu akwai taku ɗaya mai nauyi, yana jan ƙafa.

Suka tsaya.

Fankar kwamfuta kaɗai ke huci.

"Tiyumba."

Muryar yayana ce. Ita ce sak, har da ɗan kaushin nan na mai shan taba. Na miƙe. Baba Neindoo ya damƙe wuyan hannuna, ɗaya hannun ya toshe min baki. Tafinsa na warin hayaƙi da gumi.

"Tiyumba, ƙanwata. Buɗe min taga."

Baba ya kawo bakinsa kunnena. "Saurara daga ina take fitowa."

Na saurara.

"Na gaji. Ƙafata ciwo. Buɗe."

Daga ƙasa take fitowa. Daga gindin bango, daidai tsayin gwiwa.

"Buɗe," in ji wata, daga hagu. Muryarsa ce ita ma.

"Buɗe," daga ƙarƙashin tagar.

"Buɗe. Buɗe."

Duk muryar Ziblim. Sun fi goma.

Wani abu ya fara kartar katakon tagar a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Ta tsagar katako na ga yatsa ya shigo, dogo, yana lalube, yana neman sakata.

Kashi tamanin da biyu.

Baba Neindoo ya miƙa hannu ya fizge wayar batir. Allon ya mutu. Duhu ya rufe mu, sai ɗan jan sararin da ya rage yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Na lalubi filashin na zare.

"Babur na kallon hanya?" ya raɗa.

Na gyaɗa kai.

"Ni zan tuƙa. Ki riƙe ni. Ko me kika ji, kada ki amsa. Kada ki waiwaya."

Sakatar taga ta yi ƙara.

Ya yi bisimilla ya buɗe ƙofa.

Taki shida ne zuwa babur. Garwashin doyar ya mutu, ya yi sanyi kamar an kwana. Na kafa ido a ƙeyar Baba. Ta gefen ido ina ganin ciyawa na motsi ta kusurwar ɗakin, dama da hagu.

Ya taka babur. Bai tashi ba.

Ya sake. Shiru.

Wani abu mai sanyi ya taɓa diddigena.

Na uku ya tashi. Fitila ta haska hanya. Muka zabura, taki goma, sai babur ɗin ya tsaya yana ihu a wuri ɗaya, tayar baya na tonon ƙasa. An riƙe shi.

Yatsu suka naɗe idon sawuna na hagu. Suka zagaya sau biyu. Sanyin ya hau har cinyata. Aka fara ja.

Na ƙanƙame Baba. Rigarsa ta fara yagewa a hannuna. Yana karatu da ƙarfi, muryarsa na karyewa. Ƙafata ta bar matakin. Ƙuguna ya fara zamewa daga kujera.

Sai na ji ihu a bayana. Daga sama, daidai tsayin mutum.

"Ku sake ta!"

Wannan ba raɗa ba ce. Tsawa ce, irin wadda yake yi wa samarin unguwa in sun tare ni a hanyar makaranta.

"Ba ita kuka kama ba! Ni kuka kama! Ku sake ta! Baba, tafi!"

Na ji gudu, na ji jiki ya faɗa kan wani abu. Yatsun suka saki.

Babur ya yi tsalle.

A bayanmu wata ƙara ta tashi, kamar mata da yawa na sussuka a turmi ɗaya. Tim. Tim. Tim. A cikinta ina jin muryarsa. Ba kira yake ba, ba magana ba.

Na buɗe baki zan kira sunansa.

"Kul!" in ji Baba.

Na ciji kafaɗarsa maimakon haka. Na cije har na ji gishirin jini.

Ban waiwaya ba. Wannan shi ne abin da na yi wa ɗan'uwana: ban waiwaya ba.

Muna taka gadar katako kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya, kamar an buɗe ƙofa. Baba Neindoo bai rage gudu ba sai da muka ga fitilun masallacin gari, ana kiran isha'i. Ya sauke ni a bakin layinmu. Hannunsa ya ƙi sakin kan babur, sai da na ɓamɓare masa yatsu.

"Abin da ke aljihunki," ya ce, "in kika nuna, ƙannenki maza uku gobe za su shiga dajin nan da adduna. Uwarki za ta bi su. Kin ga abin da ya yi don mutum ɗaya ya fita. Ba shi da ƙarfin yi wa huɗu."

"To mu bar shi a can?"

"Ya ci abincinsu, 'yata. Kin ga fuskarsa."

Da asuba na buɗe filashin a wayata, a bayan ɗaki. Kwafin bai cika ba. Hoton ya sauka har gwiwa, daga nan zuwa ƙasa toka ne. Ziblim ne tsaye shi kaɗai cikin daji, lafiyayye, hannu a sama. Duk wanda ya gani zai ce a tafi a ɗauko shi. Na daɗe ina kallon fuskar. Sannan na share, na jefa filashin a masai.

Baba Neindoo bai sake komawa sansanin ba, ya koma wurin 'yarsa a wani ƙauye. Da aka aika mutane huɗu da rana tsaka su kwaso kayan, sun tarar da tagar a buɗe, kwamfutar cike da jar ƙasa irin ta suri. Ni na ajiye aikin a ƙarshen watan. Ƙafata ta hagu har yau ba ta jin zafin ruwa daga idon sawu zuwa ƙasa, kuma akwai baƙin zobe biyu a wurin da ba sa gogewa.

Amma a safiyar Juma'ar nan, kafin malamai su iso, na tarar da Mma ita kaɗai a madafa tana dama koko. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ɗago ba.

"An ce an gan ki jiya da babur, kin yi hanyar rafi."

"Aiki ne, Mma. Wani hoto na je dubawa."

"Me kika gani?"

"Kututture ne. Daga nesa ya yi kama da mutum."

Ludayin ya tsaya. Ta dubi ƙafata, inda na ja zane na rufe bai rufu ba. Ta daɗe tana kallo. Daga waje ana shimfiɗa tabarmi, Napaga na kuka ƙasa-ƙasa a ɗakinta.

"Ya rame?" ta ce, ba tare da ta dube ni ba.

Na ƙara jan zanen a kan ƙafata.

"A'a, Mma. Bai rame ba."

Ta gyaɗa kai sau biyu. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ci gaba da damu.

"Je ki ce wa kawunnanki su fara," ta ce. "Kada kokon ya huce."